Tagwayen Sura: Dalilin da Ya Sa Wani Mai Ya Ke Malala, Wani Ya Ke Daskarewa

Nufin wannan takarda shi ne a yi bayani da Hausa a kan wani babi na ilmin haɗa sinadarai wanda ɗalibai su ke ganin ya yi nisa da zamansu, alhali kuwa yana cikin tukunyar kowane gida. An kuma gabatar da waɗansu kalmomi, domin malaman kwalejojin horon malamai su gwada su a aji.

Garin Kajiji yana ƙasar Shagari, a kan hanyar da ta fito daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga ta nufi Tambuwal. A can, kamar sauran garuruwan wannan yanki, mata masu ƙuli-ƙuli suna matse man gyaɗa, Fulani suna kawo man shanu, mahauta suna da kitse, 'yan tebur kuma suna sayar da bota ta gwangwani. Duka mai ne. Amma na gyaɗa sai a kwalba, kitse kuwa yankansa a ke yi da wuƙa. Bota ita ce abin mamaki, gama asalinta man tsiro ne, ga shi kuwa ta daskare. Amsar wannan tana cikin surar ƙwayoyin man.

Ma'anar Tagwaye

Masana sun tabbatar kowane abu an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da a ke kira atam. In atam-atam suka ɗauru da juna suka zama abu guda, mu kira wannan dunƙule. A 1830 Berzelius, mutumin Suwidin, ya sa suna ga wani al'amari da ya dami masanan zamaninsa, watau a sami abubuwa biyu, atam ɗinsu iri ɗaya, adadinsu ɗaya, amma halinsu dabam. Irin waɗannan mu ke so a kira tagwaye. Waɗansu tagwaye sun bambanta wajen wane atam ya ɗauru da wane. Waɗansu kuwa ɗaurinsu duka ɗaya ne, sai dai inda kowane atam ya fuskanta ya sha bamban. Su ne tagwayen sura. Wanda ya buɗe wannan ƙofa shi ne van 't Hoff na Holan, a 1874, yana ɗan shekara 22, lokacin da ya nuna dunƙule ba zane ba ne a kan allo, yana da tsawo da faɗi da kauri.

Ƙusa Ɗaya da Ƙusa Biyu

Kowane atam na kabon yana da hannu huɗu. In kabon biyu suka riƙe juna da hannu ɗaya ɗaya, ɗauri guda ke nan. In suka riƙe da hannu bibbiyu, wannan shi ne ɗaurin ninki, dunƙulen kabon da haidurojin da ke da shi kuwa ana kiransa alkin.

Kafinta ya san bambancin. In ya haɗa katako biyu da ƙusa ɗaya, kowanne yana juyawa yadda ya ga dama. In ya ƙara ƙusa ta biyu, shi ke nan, inda aka kafa su nan za su tsaya. Haka ɗaurin ninki ya ke hana kabon biyu juyawa. To, in kowane ɗaya daga cikin kabon biyun nan yana riƙe da abubuwa biyu mabambanta, misali haidurojin a hannu ɗaya da doguwar sarƙar kabon a ɗayan, hanya biyu ce ta jera su. Ko sarƙoƙin biyu su faɗo gefe guda, ko kuwa ɗaya ta bi nan, ɗaya ta bi can. Na farko masana suna ce masa sis, na biyu tarans, kalmomin Latin ne masu nufin wannan gefe da ƙetare. Da Hausa sai mu ce mai-gefe-ɗaya da mai-ƙetare. Lalle a lura da sharaɗin: in kabon guda ya riƙe abubuwa biyu iri ɗaya, to, ba tagwaye, domin ko an musanya su abin bai sake ba.

Karan Dawa da Kere

Yanzu mu koma ga mai. Kowane mai ya ƙunshi dogayen sarƙoƙin kabon. Mu ɗauki uku, kowace mai kabon 18. Ta farko, sitiyarik, ba ta da ɗaurin ninki ko ɗaya, miƙaƙƙiya ce, tana da yawa cikin kitse da man kaɗanya, ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 69 a ma'aunin Salsiyas. Ta biyu, oleyik, ita ce ta fi yawa cikin man gyaɗa. Tana da ɗaurin ninki guda tsakanin kabon na 9 da na 10, mai-gefe-ɗaya, saboda haka ta lanƙwashe a tsakiya, tana narkewa a wajen digiri 13. Ta uku, ilayidik, tagwaiyar oleyik ce: kabon 18, haidurojin 34, oksijin 2, ɗaurin ninkin ma a wuri guda, amma mai-ƙetare ne. Sarƙar ta kusa miƙewa sarai, sai wajen digiri 45 ta ke narkewa, watau ko zafin jikin mutum, digiri 37, bai isa ya narkar da ita ba.

Dalilin a fili ya ke ga duk wanda ya taɓa ɗaurin dami. Karan dawa miƙaƙƙe yana kwanciya jikin ɗan'uwansa, damin ya matsu ba kafa. Amma a tara kere ashirin a ce za a ɗaure su dami, sai su yi ta zamewa. Miƙaƙƙun sarƙoƙi suna manne wa juna, dole a sa zafi mai yawa kafin su rabu. Lanƙwasassu ba su samun wurin mannewa, shi ya sa man gyaɗa ya ke malala.

Yadda Mai-Ƙetare Ya Shiga Abinci

Tsirrai kusan kullum mai-gefe-ɗaya su ke ƙerawa. A 1897 Sabatier na Faransa ya gano ƙarfen nikel yana taimakon haidurojin ya shiga ɗaurin ninki ya mai da shi guda. A 1902 Normann na Jamus ya yi amfani da wannan ya daskarar da man tsiro, masana'antun bota suka karɓa hannu bibbiyu. Sai dai in an tsai da aikin a rabi, domin botar ta yi laushi, waɗansu ɗaurin sukan buɗe na ɗan lokaci, kamar an zare ƙusa ɗaya, sarƙar ta juya, sa'an nan su sake rufewa a surar mai-ƙetare. Ana samun ɗan kaɗan cikin man shanu, domin ƙwayoyin halitta na tumbin saniya suna yin irin wannan aiki. Man suya da a ke maimaitawa a kan wuta mai ƙarfi shi ma yakan tara kaɗan.

An daɗe ana zaton ba kome. A 1990 Mensink da Katan na Holan suka nuna mai-ƙetare yana ƙara irin kitsen jini da ke toshe jijiyoyin zuciya, yana kuma rage irin da ke share su. Danmak ce ta fara ƙayyade shi da doka a 2003. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a kawar da na masana'anta daga abinci. A 2023 Nijeriya ta fitar da dokar Hukumar NAFDAC wadda ta hana ya wuce giram 2 cikin kowane giram 100 na mai. Wannan doka tana kama abin da ke cikin gwangwani, amma kaskon mai ƙosai ba abin da zai kai gare shi sai ilmi.

Kada a ɗauka sauyin sura sharri ne kullum. Da shi mu ke gani. A cikin ido akwai wani dunƙule da jiki ya ke yi daga bitamin A, lanƙwasasshe ne, mai-gefe-ɗaya. Da haske ya taɓa shi sai ya miƙe ya zama mai-ƙetare, wannan motsi shi ne farkon saƙon da ke zuwa ƙwaƙwalwa. George Wald na Amurka ya sami kyautar Nobel a 1967 saboda binciken wannan. In bitamin A ya yi ƙaranci, dundumi ke nan.

Shawara ga Malamai

Ba a bukatar kayan waje domin koyar da wannan babi. A murza yumɓu a yi ƙwallaye, manya su ne kabon, ƙanana haidurojin, tsinken tsintsiya shi ne ɗauri. A haɗa manya biyu da tsinke ɗaya, ɗalibi ya juya su. A ƙara na biyu, ya sake gwadawa. Sa'an nan a sa shi ya gina tagwayen biyu, ya yi ƙoƙarin mai da ɗaya ya zama ɗaya ba tare da ya zare tsinke ba. In ya kasa, ya fahimci babin. Kalmomin da aka gabatar a nan, watau dunƙule, ɗaurin ninki, tagwayen sura, mai-gefe-ɗaya da mai-ƙetare, ba a ce sun zaunu ba. Bakin ɗalibai ne zai gwada su, wadda ta shige shi a riƙe ta, wadda ya ƙi a nemi wata.