Ɗan ƙwaron da ke tsalle a ganyen masara: ta ina ake gane shi?

In ka girgiza ganyen masara da damina, za ka ga wasu 'yan ƙwari sun yi tsalle, ko girman ƙwayar shinkafa ba su kai ba. Ba 'ya'yan fara ba ne. Su ba sa tauna ganye, bakinsu kamar allura yake, sokawa suke su tsotse ruwan tsiron. Dangi biyu ne aka fi rikitawa a cikinsu: Cicadellidae, mai nau'i sama da 20,000 a duniya, da Delphacidae.

Ƙafar baya za ka fara duba. Ta Cicadellidae tana da ƙananan ƙayoyi jere reras, kamar haƙoran mataji. Ta Delphacidae ba ta da wannan jerin, sai wata babbar ƙaya guda mai motsi a ƙarshen ƙwauri. Daga nan ka dubi 'yan ƙahonin ji da ke kansa. Na farkon siririn gashi ne a gaban ido. Na biyun a ƙarƙashin ido suke fitowa, gindinsu a kumbure.

To, me ya sa za a damu? Saboda Cicadulina mbila, ɗan Cicadellidae ne mai tsawon kusan milimita 3, da ɗigo biyu baƙaƙe a goshi. Shi ke ɗaukar bairos ɗin da ke zana fararen layuka a ganyen masara ya tsumburar da ita, cutar da ta addabi gonaki a Afirka, har da Najeriya. Tun a shekarun 1920 H. H. Storey ya tabbatar da haka a Afirka ta Kudu.

Sai dai hoton waya yana da iyaka, kuma nan mutane ke yin gaggawa. Ɗigo biyun ba na mbila kaɗai ba ne, 'yan uwansa na jinsin Cicadulina ma suna da su. Sau da yawa sai an ɗora namijin a ƙarƙashin madubin ƙara girma an duba al'aurarsa kafin a yanke suna. Shi ya sa a iNaturalist masana kan tsaya a sunan jinsi, su ƙi wucewa.

In za ka ɗauki hoto, ɗauki uku: ta sama, ta gefe yadda ƙafar baya za ta fito, da ta fuska. Ka rubuta tsiron da ka same shi a kai, da wuri, da rana.