Daddoya Da Gyaɗa: Haɗin Italiyawa Da Ya Dace Da Masu Abinci A Suame

Duk wanda ya taɓa kai mota gyara ko sayen kayan gyara a Suame Magazine da ke Kumasi, ya san dubban makanikai da masu walda da yaransu ne ke wuni a wurin, kuma kowa sai ya ci. Shi ya sa matan Zango masu waakye da koko da ƙosai ke kasa kaya tun da asuba. To amma shinkafar kowa ɗaya ce, abin da ake zubawa a kanta shi ke raba mai ciniki da mai jiran ciniki.

A nan ne daddoya ta shigo. A birnin Jenowa na ƙasar Italiya akwai wani haɗi da ake kira pesto, sunan da ya samo asali daga kalmarsu ta daka. Ɗanyen ganyen daddoyarsu suke dakawa a turmin dutse da tafarnuwa da gishiri da busasshen cuku da wasu 'ya'yan itace masu tsada, sannan su zuba man zaitun. Darajar ganyen ta kai ga Tarayyar Turai ta yi masa rajista ta musamman a shekarar 2005, alhali 'yar uwarsa na tsirowa a bayan ɗakunanmu ba mai kallonta.

A Kumasi ganyen iri biyu ne. Akwai akoko mesa da Asantawa ke sa wa miyar kaza, shi ya fi kusa da na Italiya. Akwai kuma nunum mai faɗin ganye, wanda ƙamshinsa ya yi ƙarfi, sai an sirka shi da alayyafo. Soyayyar gyaɗa ko yazawa irin ta Techiman ta wadatar a madadin 'ya'yan itacen can, man gyaɗa mai kyau kuma ya tsaya a gurbin man zaitun.

Asanka, wato kaskon niƙan da ake yin barkono a ciki, ita ce kayan aikin. A fara da tafarnuwa ƙwara 2 da gishiri, sai gyaɗa cikin hannu ɗaya, sannan ganye cikin hannu 3 wanda aka wanke ya tsane sarai. Mai ne ƙarshe, kamar rabin gwangwanin madara, a hankali ana juyawa. Ba a ɗora shi a wuta. Zafi da iska su ke mayar da ganyen baƙi, don haka injin markaɗen kasuwa bai dace da shi ba. Mai son cuku ya soya wagashi daban ya ɗora a kai, domin ruwansa na saurin lalata haɗin.

Inda ya kamata 'yan kasuwa su lura shi ne ajiya. Wannan ba shito ba ne da aka soya har ruwansa ya ƙone, ake tsallaka iyaka da shi a kwalba. Ɗanyar tafarnuwa da ɗanyen ganye a cikin mai, idan suka zauna cikin zafi, na iya haifar da guba mai kisa wadda ba lalle a gane ta da wari ba. A firji ma kada ya wuce kwana 3 zuwa 4, a rufe samansa da mai. Wadda ba ta da firji ta daka na wuni ɗaya kawai.