Dafydd Jenkins: Yadda aka ɗora wa ɗan shekara 21 jagorancin zari-rugan Wales a tsakiyar rikici

A watan Janairun 2024, kocin tawagar zari-ruga ta Wales, Warren Gatland, ya naɗa Dafydd Jenkins kyaftin. Shekarunsa 21 a lokacin. A tarihin tawagar mutum ɗaya ne ya taɓa riƙe wannan muƙami da ƙarancin shekaru fiye da shi, wato Gareth Edwards, wanda ya yi kyaftin a 1968 yana ɗan shekara 20. An yi ta yabon naɗin a matsayin karrama matasa, amma wanda ya san halin da wasan ke ciki a Wales ya san cewa tilas ce ta kawo shi.

Ga wanda bai saba da wasan ba, kowace tawaga tana da 'yan wasa 15, takwas daga cikinsu 'yan gaba ne, ƙarfafan da ke turereniya da kokawar ƙwato ƙwallo. Jenkins, mai tsawon kimanin mita biyu, yana cikin biyun da ke sahu na biyu a turereniyar, kuma shi ne abokan wasa kan cilla sama ya cafke ƙwallo idan an jefo ta daga gefen fili. Aiki ne na wahala da ba ya jawo tafi, kuma galibi sai mutum ya doshi shekara 30 yake ƙwarewa a kansa.

An haife shi a garin Bridgend a Disamban 2002, amma a Ingila ya gina sana'arsa, daga kwalejin Hartpury zuwa ƙungiyar Exeter Chiefs, wadda ya jagoranta a wasan gasar Ingila tun yana ɗan shekara 19. Ya fara buga wa Wales wasa a Nuwamban 2022, ranar da Jojiya ta zo har Cardiff ta doke su da ci 13 da 12. Farawar kenan, da abin kunya.

Watanni kaɗan bayan haka rikici ya fito fili. A Janairun 2023 wani binciken BBC ya bankaɗo zargin cin zarafi da wariyar jinsi a hukumar zari-ruga ta Wales, har shugaban gudanarwarta ya yi murabus. A Fabrairu 'yan wasan ƙasa suka yi barazanar ƙin buga wasa da Ingila, domin da yawa daga cikin takwarorinsu a ƙungiyoyin yankin huɗu, Cardiff da Dragons da Ospreys da Scarlets, ba su san makomar kwantiraginsu ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka samu shi ne sassauta wata doka mai ɗaure ƙafa: a da, wanda ya bar Wales zuwa ƙungiyar waje ba za a kira shi tawagar ƙasa ba sai ya riga ya buga mata wasa 60. Aka mayar da adadin 25. Duk da haka an zaftare kasafin ƙungiyoyin, masu gogewa suka fara watsewa.

Wales ta yi rawar gani a Gasar Cin Kofin Duniya ta 2023 a Faransa, inda ta lallasa Ostireliya da ci 40 da 6 kafin Ajantina ta fitar da ita a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. Sai dai Alun Wyn Jones, wanda ya buga wa Wales wasa 158 a gurbin da Jenkins ke bugawa, ya yi ritaya tun kafin gasar, haka ma Justin Tipuric. Dan Biggar ya bi su bayanta. Jac Morgan da Dewi Lake, waɗanda suka raba kyaftin a Faransa, duka sun ji rauni. A ranar da aka bayyana tawagar kuma, Louis Rees-Zammit ya sanar da tafiyarsa Amurka don gwada sa'a a wasan ƙwallon ƙasar. Wannan ne gidan da aka miƙa wa Jenkins.

Wasansa na farko a matsayin kyaftin, a Gasar Ƙasashe Shida ta 2024, ya nuna abin da matasan ke iyawa da kuma iyakarsu. Scotland ta yi gaba da maki 27 babu ko ɗaya, suka farfaɗo suka ci 26 a jere, aka tashi da ratar maki ɗaya. A Ingila ma da maki biyu kacal suka faɗi. Daga nan ƙarfi ya ƙare: Ireland da Faransa suka yi musu kaca-kaca, Italiya ta doke su 24 da 21 a Cardiff. Wales ta ƙare a ƙasan teburi karon farko tun 2003, kuma shekarar 2024 ta wuce ba ta ci wasan ƙasa da ƙasa ko ɗaya ba, abin da rabon a gani tun 1937.

Rashin adalci ne a lissafa wannan a kan Jenkins. Bayan kyaftin ya koma hannun Lake, sannan Morgan, shan kashin bai tsaya ba. Gatland ya tafi a Fabrairun 2025, Ingila ta ci su 68 da 14 a Maris, kuma sai da aka kai wasan ƙasa da ƙasa 18 a jere kafin su yi nasara a kan Japan a birnin Kobe a watan Yuli. A Oktoban 2025 hukumar ta sanar da shirin rage ƙungiyoyin ƙwararru daga huɗu zuwa uku, matakin da ke nufin raguwar guraben aiki ga tsaran Jenkins da ke wasa a gida. Shi dai albashinsa daga Exeter yake fitowa, kuma ya riga ya haura wasa 25 ɗin da dokar ta gindaya.