Inda Kuɗin Kasuwar Ƙauye Ke Tafiya

Kasuwar da ke ci sau ɗaya a mako ita ce babbar ƙofar da kuɗin talaka ke bi zuwa hannun hukuma a karkarar ƙasar Kano da maƙwabtanta. Manomi ba ya ɗaukar albashi balle a yanki haraji a ciki, kuma ba shi da kamfani mai rajista. Amma ranar kasuwa, daga bakin hanya har zuwa kara, da wuya ya saya ko ya sayar ba a yaga masa tikiti ba.

Masu karɓar kuɗi kan riga 'yan kasuwa isowa. Malamin kuɗin shiga na ƙaramar hukuma yana zuwa da sassafe riƙe da littafin rasit, da samarin da ke taya shi zagaye. Mai rumfa yana biyan kuɗin rumfa na wata ko na shekara. Masu baza kaya a ƙasa, irin su mai kuka da daddawa, suna biyan kuɗin wuri duk ranar da kasuwa ta ci. A wajen hatsi ana karɓar wani abu a kan kowane buhun da za a loda. A kara kuɗin ya fi tsoka, domin duk saniya ko tunkiyar da aka sayar akwai abin da ake biya a kanta, ban da la'adar dillali, wadda haƙƙinsa ce. Mahauta suna biya a kwata, direbobi a tasha, inda kuɗin hukuma da na ƙungiya kan cakuɗe har direban ya kasa bambance su.

Yawancin waɗannan kuɗaɗe suna da tushe a doka. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da ban-ɗakunan jama'a. Wata doka ta 1998 ta jera harajin da kowane matakin gwamnati ke da ikon karɓa, ta kuma haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Duk da haka motar da ta ɗauko hatsi daga ƙauye zuwa Dawanau, ko shanu zuwa Kudu, ba ta rasa shingayen da ake tsayar da ita, kuma ɗan kasuwa yana fanshe abin da ya biya ne daga farashin da zai taya wa manomi.

Dattawan ƙauye sun san wani tsarin daban. A zamanin En'e, masu unguwanni da dagaci ke ƙirga magidanta, a yanka musu haraji, a karɓa bayan kaka, hakimi ya kai baitulmali. Makiyaya kuma suna biyan jangali a kan kowace saniya. Wanda ya gaza sai ya sayar da akuya ko hatsin da zai ci da iyalinsa, wani ya sha duka da wulaƙanci a gaban 'ya'yansa, wani ya bar garin. Shi ya sa da gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a 1979, talakawa suka yi murnar da har yau ba a manta ba. Sai dai mai biyan haraji a wancan zamani ya san adadin da ke kansa a shekara. Jikansa na yau yana biya kaɗan-kaɗan a wurare da dama, ga harajin kayayyaki na kashi 7.5 cikin ɗari da ke ɓoye a farashin siminti da katin waya, kuma ba zai iya faɗin jimillar abin da ya bayar ba.

Abin da aka tara ya kamata ya shiga asusun ƙaramar hukuma ta hannun ma'aji. A hanya yake zurarewa. Akwai littafin rasit na jabu, akwai tikitin da ake karɓewa a sake sayarwa, a wasu wurare kuma ana ba ɗan kwangila ko wani na hannun daman shugaban ƙaramar hukuma kasuwar kacokan a kan adadin da aka yanka, abin da ya ɗoru nasa ne. Dalilin da ya sa ba a tsananta bincike shi ne ƙananan hukumomi ba da kuɗin kasuwa suke rayuwa ba. Su 774 suna raba kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, kuma abin da ke zuwa daga Abuja ya ninka na kasuwannin ƙauye sau da yawa. Shugaban da bai dogara da aljihun mutanensa ba, ba lallai ne ya saurari kukansu ba. Shekara da shekaru kason na Abuja ma ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi, inda gwamnoni ke da ta cewa, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye.

Sakamakon a fili yake. Da damina kasuwa ta zama taɓo, kwata ba ruwa, ba ban-ɗaki, rumfunan zana kuma gobara ɗaya ta ishe su. Daga nan mutanen gari su sake zura hannu a aljihu: karo-karo don gyaran burtsatse, kuɗin 'yan banga, gudummawar iyayen yara don biyan malamin sa-kai a firamare, gayya don cike kwazazzabon da ya cinye hanya. Irin wannan kuɗi ba a cika gardama a kansa ba, domin ana karanta lissafinsa a ƙofar dagaci ko bayan sallar Juma'a, kowa kuma yana ganin aikin da idonsa. Mutanen da ake cewa ba sa son biyan haraji su ne suke biya sau biyu.

Gyaran farko ba ya buƙatar sabuwar doka. Ƙaramar hukuma ta kafa allo a bakin kasuwa, da Hausar boko da ajami, mai nuna abin da ya wajaba a biya a kan rumfa da buhu da dabba, da abin da aka tara a watan da ya wuce, da aikin da aka yi da shi. Sarkin kasuwa da sarkin pawa da shugabannin dillalai suna da bakin da za su nemi a yi hakan, kuma haƙƙin masu biya ne a nuna musu.