Aji Biyu na Firamare a Ƙasar Gobir: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sa Rai da Shi

Aji biyu na firamare shi ne mataki na biyu a cikin shekaru tara na ilimin tushe, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, waɗanda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kyauta ne kuma wajibi ne ga kowane yaro a Nijeriya. Wannan shiri, da aka fi sani da UBE, a birnin Sakkwato Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shi a watan Satumba na 1999, a farkon mulkin Gwamnan jihar Sakkwato Attahiru Dalhatu Bafarawa, wanda garinsu ke cikin ƙaramar hukumar Isa. A bisa tsari, yaron da ya shiga aji ɗaya yana ɗan shekara shida zai shiga aji biyu yana ɗan bakwai, amma a Bafarawa da ƙauyukan Isa da Sabon Birni ba abin mamaki ba ne a tarar da mai shekara tara ko goma a wannan aji, ko dai saboda an fara ba shi lokaci a makarantar allo, ko kuma saboda gudun hijira ya katse masa karatu.

Muhimmancin wannan shekara ya samo asali ne daga matsayinta. A aji ɗaya yaro yana koyon zama wuri ɗaya da riƙon fensir da gane haruffa, alhali daga aji uku zuwa sama littattafai da malamai sukan ɗauka cewa ya riga ya iya karatu, don haka su ɗora masa darussan da sai mai karatu ne zai amfana da su. Aji biyu ne ke tsakanin waɗannan biyu, kuma da yake a yawancin makarantun gwamnati ana wucewa da yaro aji na gaba ko ya iya ko bai iya ba, wanda ya fita daga aji biyu bai kama karatu ba yakan ci gaba da hawa aji yana kwafar abin da ke kan allo ba tare da ya san abin da yake kwafa ba, har ya gama firamare a haka. Saboda haka babban abin da ya kamata uba da uwa su nema a wannan shekara shi ne yaronsu ya iya karanta Hausa da kansa.

Shi karatu hawa-hawa ne. Yaro yana fara gane sautin kowane harafi, sannan ya haɗa baƙi da wasali su ba da gaɓa, wato yankin kalma da ake furtawa a bugu ɗaya kamar ka da za, sannan ya haɗa gaɓoɓin su ba da kaza, daga nan ya jera kalmomi su zama jimla. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga duk wanda ya yi makarantar allo, inda ake fara babbaƙu, wato sanin baƙaƙe su kaɗai, kafin a shiga farfaru, wato haɗa su da wasulla. Hausar boko tana da sauƙi a nan, domin kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta. Wuraren da yara suka fi tuntuɓe su ne haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts da gw da ky, sai kuma kasancewar rubutun ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, ta yadda gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, sai jimla ce ke raba su. Akwai kuma wata matsala ta musamman ga ɗan ƙasar Gobir, wanda a gida yake cewa hwara da ɗiya, ya zo ya tarar littafi ya rubuta fara da ’ya, domin daidaitacciyar Hausa ta fi kusa da karin harshen Kano. Malamin da ya san aikinsa ba zai tsawata wa yaro a kan harshen iyayensa ba. Zai nuna masa cewa ga yadda ake faɗa a gida, ga kuma yadda ake rubutawa. Haka nan yaron da ke zuwa allo da asuba, inda ake rubutu daga dama zuwa hagu, zai iya juya b ta koma d a watannin farko, kuma wannan yakan wuce da yawan rubutu.

Idan abubuwa suka tafi daidai, a zangon farko ana sa ran yaro ya tabbatar da sautukan haruffa duka da haɗa gaɓoɓi, a zango na biyu ya riƙa karanta gajerun jimloli, a na uku kuma ya karanta ɗan labari mai layi biyar ko shida ba gargada, ya amsa tambaya a kan wane ne ya yi me, a ina, kuma don me. Ya kamata kuma ya iya shifta, wato rubuta kalmomin da aka faɗa masa ba tare da ya gan su ba.

Abin baƙin ciki shi ne binciken da aka yi a jihar Sakkwato ya nuna akasin haka. A 2011 da 2013, ƙarƙashin wani shiri na hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, an gwada karatun Hausa na yaran ƙananan azuzuwa a jihohin Sakkwato da Bauchi, ta hanyar zama da kowane yaro shi kaɗai a ba shi haruffa da kalmomi da ɗan labari, aka tarar mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma ɗaya daga labarin ba. Wannan sakamako na daga cikin abin da ya haifar da littattafan Mu Karanta, waɗanda aka raba wa aji ɗaya zuwa uku tare da horar da malamai, kuma a 2015 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar. Dalilin da ya sa matsalar ke ɓoyuwa ga iyaye shi ne salon biyawa baki ɗaya, inda malami zai faɗi abin da ke kan allo aji duka su amsa, har yaro ya haddace shafi ya zo gida ya rera shi daidai yana nuna layi da yatsa. Hadda baiwa ce mai daraja, kuma ita ce ginshiƙin karatun Alƙur’ani, amma a karatun boko tana iya rufe wa iyaye ido har shekara ta ƙare.

Hanyar ganewa tana hannun kowa, har da iyayen da ba su yi boko ba. Uwa za ta iya kiran wani babban yaro na gida ko na maƙwabta, ta shifta masa jimloli uku ko huɗu a kan abin da ya shafi gidan, misali abin da za a sayo a kasuwa ko inda aka ɗaure akuya, ba tare da ɗan aji biyun yana wurin ba, sannan a kira shi a miƙa masa takardar. Tun da ita ta san abin da ta faɗa, ba ta buƙatar sanin harafi ko ɗaya kafin ta gane ko ya karanta ko ya kasa. Idan aka yi haka sau ɗaya a kowane zango, cikin raha ba tare da bulala a kusa ba, za a sami labarin da ya fi na katin sakamako inganci, domin katin yana faɗin na nawa yaro ya zo ne kawai, kuma zuwa na uku a ajin da kusan babu mai karatu ba shaida ba ce ta komai.

Batun harshen koyarwa ya sha sauye-sauye. Manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe tana cewa a koyar da aji ɗaya zuwa uku da harshen da ake yi a yankin, Ingilishi kuma ya zama darasi. A 2022 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa wannan zuwa aji shida, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin da komawa ga Ingilishi. Ko me takarda ta ce, yaron Bafarawa da Hausa yake tunani, kuma wanda ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji ya fi saurin kai wannan dabara cikin Ingilishi. Abin da ya dace a sa rai daga Ingilishin ɗan aji biyu shi ne gaisuwa da sunayen abubuwan da ke kewaye da shi da bin gajeren umarni da karanta ƙananan kalmomi. Uban da ya ji ɗansa na rera waƙar Turanci ya yi murna, sai ya tambaye shi ma’anarta da Hausa.

A lissafi, manhajar da Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa ta tsara, wato jerin abin da za a koyar a kowane aji, tana kai yaro ga ƙirga da rubuta lambobi fiye da ɗari, da tarawa da ɗebewa na lambobi masu gida biyu, da rabi da kwata, da sanin kuɗi da agogo da siffofi, da farkon ninkawa a matsayin tara abu iri ɗaya sau da yawa. Ginshiƙin duk wannan shi ne matsayin lamba, wato fahimtar cewa 2 da ke cikin 25 goma sau biyu ce, 2 da ke cikin 52 kuwa biyu ce tak. Yaran wannan yanki da yawa sun iya lissafin ka, domin yarinyar da ke talla tana ba da canji ba kuskure, kuma Bahaushe da ke cewa ashirin ba biyu a maimakon sha takwas yana ɗebewa ne a cikin ƙirgarsa. Aikin shekarar shi ne wannan sani na kasuwa ya sauka a kan takarda. Sauran darussa, irin su ilimin addini da kimiyya da zaman jama’a da tsafta da motsa jiki da zane, yawanci da baki da hoto ake yin su a wannan mataki, kuma ba su ne ya kamata su tayar wa iyaye hankali ba.

Duk wannan lissafi an gina shi ne a kan shekara cikakkiya mai zango uku, daga Satumba zuwa Yuli, alhali shekarar yaron karkarar Gobir ba ta cika kaiwa haka ba. Zangon farko yana karo da girbin gero da roron wake da kuma ƙarshen damina lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara; na biyu yana faɗawa cikin hunturu, lokacin da sanyin safiya ke sa a makara kuma aikin fadamun gulbin Rima ke jan hannaye; na uku yana farawa cikin tsananin zafi ya ƙare cikin shuka da noman farko. Idan aka ƙara ranar kasuwa da ranakun biki, sai a ga makonni sun zube. Karatu a wannan shekara yana buƙatar maimaici na kullum, kuma yaron da ya yi fashin mako biyu yakan dawo ya tarar gaɓoɓin da ya fara kamawa sun kuɓuce masa.

Mafi nauyin abin da ke cin kwanakin makaranta a Isa da Sabon Birni shi ne rashin tsaro. Harin da aka kai ƙauyukan Sabon Birni a watan Mayu na 2020, da ƙona matafiya a cikin mota a watan Disamba na 2021, da kisan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun ’yan bindiga a watan Agusta na 2024, kaɗan ne daga abin da mutanen yankin suka gani, kuma a sanadiyyar irin haka makarantu da dama na ƙauye sun rufe, malamai sun janye zuwa manyan garuruwa, iyalai sun tsallaka zuwa jihar Maradi ta Nijar ko sun koma Sakkwato. Babu mai hankalin da zai zargi uban da ya hana ɗansa fita ranar da ake raɗe-raɗin hari. Amma iyaye su sani cewa yaron da ya kwana a daji ko ya ji harbi yana iya komawa fitsarin kwance, ko ya daina magana a aji, ko ya manta abin da ya iya, kuma wannan alamar firgita ce da duka ke ƙara ta. Wanda ya yi zama a Nijar kuma yana iya dawowa da ɗan karatun Faransanci, domin can shekara ta biyu ita ce ake kira CP, kuma sautukan wasu haruffa sun bambanta da na Hausar boko. Irin waɗannan yara ya fi dacewa a gwada karatunsu a ajiye su inda suka isa, ko da sun girmi ’yan ajin, a kan a tura su aji huɗu don tsawonsu.

Iyaye suna da ƙofofin da za su ƙwanƙwasa. Kowace makarantar gwamnati ya kamata a ce tana da kwamitin kula da makaranta, wanda ya ƙunshi shugaban makaranta da wakilan iyaye maza da mata da na sarakuna da malaman addini, kuma sama da shi akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sannan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da ake kira SUBEB. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE, irin wadda ake samu a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato. Shirin ciyar da ’yan aji ɗaya zuwa uku da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 ya sha tsayawa, don haka kada a dogara da shi a tura yaro ba kari. Tambayoyin da suka fi amfani a gaban kwamiti su ne ko malamin aji biyu yana zuwa kullum, ko littattafan Hausa suna hannun yara ko suna kulle a ofis, da kuma ko ana barin yaro ya tafi da littafi gida. A makarantar da malamai suka yi ƙaranci, al’ada ce a ba wa aji shida malamin da ya fi ƙwarewa saboda jarrabawa, a bar ƙananan azuzuwa ga wanda ya rage, kuma wannan rabo ne da iyaye ke da ikon neman a sake shi tun a makon farko na zango.