Aji ba ya zama da bulala

Watan Oktoba, ranar farko ta komawa lakwal. Na shiga ajin CI, rumfar zana ce, yara sun fi tamanin zaune bisa tabarmi. Wannan na kuka, wancan na jan rigar ɗan'uwansa. A makarantar horon malamai an koya mana shirya darasi, amma ba a nuna mana irin wannan safiya ba.

Gaskiya, shekarata ta farko da bulala na yi ta. Aji ya yi tsit, na zaci aiki ya yi kyau. Sai da jarrabawa ta zo na gane shirun tsoro ne. Yaran sun iya maimaita abin da na faɗa da Faransanci, amma ko harafi ba su rabewa. Yara biyu ma sun daina zuwa sam.

Wani tsohon direkta ne ya gyara mani. Abu na farko shi ne sunaye. Yaron da mushe ya kira da sunansa ya san ana ganinsa. Na biyu, wurin zama: ƙanana da masu raunin ido ko kunne a gaba, masu surutu a raba su.

Na uku, ƙaramin allo, dabarar nan da ake kira La Martinière. Ka yi tambaya, ka buga tebur, kowa ya rubuta. Ka sake bugawa, kowa ya ɗaga. Cikin minti guda ka ga wanda ya gane da wanda aka bari baya. Hannun da ke riƙe da alli kuwa ba ya samun sukunin tsokana.

Sai lura da lokaci. Karatu da lissafi da sanyin safiya ake yin su, musamman a zafin Afrilu da Mayu. In bayani ya cije, a warware shi da harshen gida, sannan a koma Faransanci.

Yarinyar da ke gyangyaɗi kuma, ka tambaya kafin ka tsawata. Wataƙila talla ta yi har dare, ko ba ta karya kumallo ba. Wannan magana ce ta iyaye da kwamitin makaranta, duka ba ya gyara ta.

Malam ɗan'uwa, yaran nan amana ce. Gobe in ka shiga aji, fara da kiran sunaye.