Yaushe ake cirar kaɗa?

Yara, kun san kaɗa, wadda waɗansu suke kira auduga. Tun zamanin kakanni ana noma ta a fadamun gulbin Maraɗi. Mata su kaɗa zare, masaƙa su saƙa gwado. A shekarar 1956 wani kamfanin Faransa mai suna CFDT ya shigo Nijar, ya riƙa sayenta yana kai wa injin gurza.

Ku dubi icen kaɗa da kyau. Furen yana buɗewa fari-fari, kashegari ya yi ja-ja, sa'an nan ya faɗi ya bar ƙwallo. A cikin ƙwallon nan gashin kaɗa yake tsirowa a jikin gurya. Cikin mako 3 na farko tsawo yake yi. Bayan nan sai ya yi ta kauri, kullum kaɗan-kaɗan. Wajen kwana 50 bayan fure, ƙwallo ya tsage da kansa.

To, in mai gaggawa ya ɓare ƙwallo kafin ya tsage fa? Zai sami gashi mai tsawo amma marar ƙarfi. Zarensa yana tsinkewa a mazari, kuma ba ya shan baba sosai a marina.

Mai jinkiri ma yana da tasa asara, har a ganina ta fi yawa. Iskar hunturu tana busa wa kaɗa ƙura. Wata ta faɗi ƙasa ta kwashi rairayi da busassun ganye. Ƙananan ƙwari suna zuba mata darɓa, ta riƙa danƙo, ta liƙe a injin. Fara fat ta koma ruwan ƙasa. A wurin awo sai a ce ta biyu ce, kuɗinta ya ragu. Aikin damina guda ke nan!

Ƙwallayen ba su tsagewa rana ɗaya. Na ƙasa suke farawa, na sama su biyo baya. Don haka manomi yakan shiga gonarsa sau 2 ko 3, ya ciri waɗanda suka buɗe sosai, ya bar sauran.

Sa'ad da nake yaro a Cadakori, kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta barinmu mu taɓa kaɗa sai hantsi ya dubi ludayi, raɓa ta bushe. Kaɗa mai laima tana fumfuna in an tara ta. Takan ba kowa ƙwarya 2: ɗaya ta fara, ɗaya ta mai dauɗa.

Ku tambayi wata tsohuwa mai kaɗi a unguwarku yadda take gane kaɗar da ta nuna. Gobe ku zo mana da amsa.